Ruwan da aka zubar sau biyu

Ina ɗan shekara tara, akwai wani yaro da muke zama tabarma ɗaya a makarantar allo cikin birnin Zariya. Gidansu na kallon namu. Wata rana kumatunsa na dama ya tasa, aka ce hangum ne, zai saɓe. Bai saɓe ba. Cikin 'yan makonni fuskar ta karkace, haƙoransa suka fara girgiɗa, ido ɗaya ya turo waje. Manya suka daina cewa hangum, suka koma faɗin wata kalma ƙasa-ƙasa in sun ga yara kusa: daji. Ba a kai shi asibiti ba, don kowa a unguwar ya haƙiƙance daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya harzuƙa. Aka yi turare, aka yi shafe-shafe, aka sha rubutu. Da farkon damina ciwon ya fara, bai ga kaka ba. Allah ya jiƙansa. Allonsa ya daɗe jingine a zauren malam, ni kuwa na manta da shi irin mantuwar yara, sai bayan shekara ashirin da biyu ya dawo mini a kan gadon asibiti.

Ni tela ne. Shagona yana Tudun Wada, keke uku da yara biyu masu koyon aiki. Wanda ya san sana'armu ya san tela ba ya ciwo a watan azumi, ko ya yi ba ya faɗa. Azumin 2022 ya faɗo cikin Afrilu, tsakiyar zafi, ga shaddodin mutane jibge har kusa da rufi. Shi ya sa da na fara farkawa cikin dare jiƙe sharkaf da gumi, na ce bazara ce. Da abinci ya daina shiga, in ci dabino biyu in sha rabin kofin kunu in ji kamar na cinye akushi, na ce gajiya ce.

Tef ɗina ne ya fara tsorata ni. Shekara da shekaru ƙuguna inci 32 ne, ko a barci aka tashe ni zan faɗa. Ran goma ga azumi wandona ya ƙi ɗauruwa yadda ya saba, na auna, 34. Bayan kwana biyar na sake aunawa a ɓoye, 36. Amma wuyan rigata sai ƙara faɗi yake, agogo na yawo a hannu. Na auna dubban mutane a rayuwata, ban taɓa ganin ƙibar da ke taruwa a ciki kaɗai tana cinye sauran jiki ba. Sai numfashi ya biyo baya. Sujada a sallar asham ta zama aiki, in na kai goshi ƙasa sai in ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji. Na daina kwanciya, na koma barci a zaune jingine da bango. Maiɗakina ce ta ce, "Malam, wallahi gobe ko ka yarda ko ba ka yarda ba, asibiti za mu."

Wani ƙaramin asibiti muka je, ba zan faɗi sunansa ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, ɓangaren dama ya fito fari fat har rabi. Likitan ya ce ruwa ne ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari, shi ke danne huhun. Aka zaunar da ni a kujera ina rungume da makarinta, aka kashe wajen da allura, aka soka wata tsakanin haƙarƙari ta baya. Ruwa ya yi ta zuba cikin roba, rawaya-rawaya, ya haura lita ɗaya. Tun kafin a gama na ji iska na shiga wuraren da ta yi kwanaki ba ta shiga ba. Ina kallo wani ma'aikaci ya ɗauki robar ya fita da ita ya tuttular. A raina na ce Allah raka taki gona. Ƙyamar ruwan nake yi, ko kallonsa ba na so.

An gwada majinata da na'urar GeneXpert, ba a ga tarin fuka ba. Likitan ya ce wannan ba ya wanke ni, domin tarin fukan da ke kama tantanin huhu sau da yawa ba ya fitowa a majina. Gaskiya ya faɗa, daga baya wasu likitocin sun tabbatar mini da haka. Kuma a ƙasarmu in matashi ya zo da ruwa a ƙirji, ga gumin dare, ga rama, tarin fuka ne zai fara zuwa ran kowane likita, kuma galibi shi ɗin ne. Ban riƙe shi a zuciya ba a kan zaton da ya yi. Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne robar nan da aka fita da ita.

Aka ɗora ni kan maganin tarin fuka, jajayen ƙwayoyin nan da ake sha da sassafe, fitsarina ya koma ja kamar an jiƙa zoɓo. Aka ware mini kofi da cokali. Aka kwashe yarana biyu aka kai su wajen Inna cikin birni. Na rarraba ɗinkin mutane ga abokan sana'a, wasu suka karɓi yadinsu da haƙuri, wasu da baƙar magana, kuma ban ga laifinsu ba, Sallah ce. Kwana tara kacal ruwan ya dawo, har ya fi na farko. Aka sake zuƙewa, wannan karon ya yi duhu-duhu da ɗan jini a ciki, aka sake tuttularwa. Ranar Sallah ina zaune a ɗaki ina jiyo yara na wucewa za su kallon hawa, ƙafafuna sun kumbura ko silifa ba ya shiga. Na sa aka miƙo mini tef. Inci 39.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, ta zo yawon Sallah. Ta tsaya bakin ƙofa ta dube ni, ba ta ko zauna ba. Ta karɓi takardun asibiti ta juya su gaba da baya, sannan ta ce, "Yaya, ruwan da aka cire maka, me gwajinsa ya nuna?" Na ce wane gwaji? Ai zubarwa aka yi. Ta ce, "Duka biyun?" Na ce duka biyun. Ba ta ƙara magana ba, ta fita tsakar gida tana buga waya. Washegari da asuba muna cikin mota hanyar Shika.

A asibitin koyarwa na Shika aka yi mini sikanin ciki, aka ga wani ƙulli a ƙasan cikin ta dama, wajen hanji, ga ruwa ya kewaye komai. Gwajin jini ya nuna wani abu da suke kira LDH ya hau sosai, alamar ƙwayoyin jiki na haihuwa suna mutuwa da yawa a wani wuri. Hanyar da aka fi amincewa da ita don gane irin wannan ƙulli ita ce a yanko tsokarsa a duba. Amma ƙullina na can cikin ciki, ni kuma ko kwanciya rigingine ba na iyawa balle a sa ni barcin tiyata. Babban likitan ya ce wa waɗanda ke tare da shi a fara da abin da ke kusa. Aka zuƙi ruwan ƙirji, aka zuƙi na ciki, aka zuba a kwalabe aka rubuta sunana. Ƙanwata ta karɓa da hannunta ta nufi ɗakin gwaje-gwaje kusan da gudu, don an ce mata ƙwayoyin da ke cikin ruwan lalacewa suke yi in ya daɗe a ajiye, kuma lalatacciyar ƙwaya ba ta ba da labari.

Daga baya na bi diddigin abin da ake yi da ruwan, saboda ya tsaya mini a rai. Na'ura ake sa shi ta juya shi da ƙarfi, sai ƙwayoyin halittar da ke yawo ciki su kwanta a ƙasa kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙasan roba, ruwan ya taso sama. Wannan ɗan abin da ya kwanta shi ake shafawa a kan gilashi siriri, a rina shi. Rini iri biyu suka yi wa nawa, Giemsa da Papanicolaou, kowanne da abin da yake fitarwa. Sauran kuma a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi ya fi ɓawon albasa sirantaka, a yi masa wasu rinin na musamman da ke kama irin ƙwaya ɗaya su bar sauran. Duk abin da ake buƙata bai kai cikin kofin shayi ba. Ni kuwa an zubar da nawa ya fi lita biyu.

Kwana biyu aka yi. Likitan ya ja kujera ya zauna kusa da gadona, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Malam, ba tarin fuka ke damunka ba." Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi, har na fara tunanin a dawo mini da yarana. Ya bar ni na gama, sannan ya ce abin da suka gani a ruwan sunansa limfoma, ciwo ne na fararen ƙwayoyin jini irin waɗanda ke zama cikin kaluluwa, kuma nawa daga cikin masu gaggawa ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka faɗa mini da Hausa. Daji ne?" Ya ce, "Daji ne." Ya ce suna kyautata zaton irin wanda ake kira Burkitt ne, wanda ya fi kama yara a muƙamuƙi, manya kuma a ciki. Yana faɗin muƙamuƙi sai ga fuskar yaron nan a gabana, karkatacciya, da allonsa.

Ban ji sauran bayanin ba sai da ƙanwata ta maimaita mini da dare. Wannan daji yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa tef ɗina ke ƙaruwa kamar ana hura ni. Amma saurin nasa shi ne lagonsa, domin magungunan kemo ƙwayar da ke cikin rabuwa suke kamawa, shi kuwa kusan duk ƙwayoyinsa cikin rabuwa suke. Ana warkewa daga gare shi. Abin da ba ya ɗauka shi ne jira.

Aka yi taron dangi a barandar asibiti, ina jiyo su ta taga. Kawu, yayan Inna, shi ne babba, kuma mutum ne mai ƙaunata, shi ya saya mini kekena na farko. Ya ce tun da daji ne a mayar da ni gida. Ya ce ku duba, sau uku ana soka masa ƙarfe, kowane karo ciwon ƙaruwa yake, me kuke nema kuma? Ya san wani mai magani a wani ƙauye hanyar Giwa. Ni kaina, in faɗi gaskiya, rabin zuciyata na tare da shi. Da wannan maganar aka raine ni, kuma lissafinsa a ido ya yi daidai.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta shiga maganata a gaban mutane, ko gaisuwata da kai take amsawa. Tun da aka kwantar da ni tana zuwa ta zauna can nesa da carbinta kamar wadda ta zo duba ɗan maƙwabta. Ranar sai na ji muryarta. Ta ce, "Yaya, ka tuna yaron nan na gidan da ke kallon namu? Shi ƙarfe bai taɓa shi ba ko sau ɗaya. Ni na taya uwarsa zaman makoki." Aka yi tsit. Ta ce, "A bar wannan yaron a nan." Kawu bai sake cewa komai ba. Da yamma ya shigo ya dafa kaina ya yi addu'a, ya tura wani abu ƙarƙashin filo, kuɗi ne a ƙulle cikin leda.

Kafin a fara magani sai da aka ƙara wasu gwaje-gwaje. An gwada ni cutar HIV, don wannan daji kan zo tare da ita, ba ni da ita. An ɗebi ɓargo a ƙashin ƙuguna. An sa na lanƙwashe kamar jariri aka zuƙi ruwan ƙashin baya, fari tas kamar ruwan sama, shi ma aka kai shi ƙarƙashin madubi a ga ko ƙwayoyin sun kai can, domin Burkitt na son laɓewa a laka da ƙwaƙwalwa. Ba su kai ba. Wannan karon ni da bakina na tambayi nas ɗin, "Sista, ina za a kai shi?" Ta yi dariya ta nuna mini takardar da ke manne a kwalbar.

Makon farko shi ne mafi hatsari, kuma ba ciwon ne ke kisa a lokacin ba, mutuwarsa ce. In magani ya kashe ƙwayoyi masu yawa a lokaci guda, dattin da ke cikinsu na kwarara cikin jini, ya toshe ƙoda, ya rikita bugun zuciya. Don haka da kaɗan aka fara, ana ta ƙara mini ruwa dare da rana, ana ba ni wani magani mai suna allopurinol don kare ƙoda, ana auna fitsarina a kwalba kamar mai sayar da man gyaɗa. Aka roƙi dangi su dakatar da duk wani jiƙo da sassaƙe saboda ƙodar, addu'a kuwa likitan ya ce a ƙara. A dare na uku zazzaɓi ya rufe ni, na fita hayyacina. Maiɗakina ta ce a daren Inna ta matso bakin gado ta kira sunana sau biyu. Ni ban ji ba, kuma ban taɓa tambayarta ba. Kwana takwas da fara magani na sa aka kawo tef. Inci 33. Na kwanta rigingine na yi barci har hantsi.

Sauran watannin ba zan ja su ba, duk wanda ya yi jinyar mai kemo ya san su. Zagaye shida aka yi mini: cyclophosphamide, vincristine, wani jan ruwa mai suna doxorubicin, da methotrexate da ake sawa har cikin ruwan ƙashin baya. Gashi ya zube har gira. Bakina ya yi gyambo, kunu ma sai da dabara. Sau biyu jinina ya yi ƙasa aka nemi masu bayarwa, telolin layinmu suka cika mota suka zo, har da wanda muka shekara ba ma gaisawa a kan kwastoma. Akwai rituximab, mai bin ƙwayoyin da ke ɗauke da wata alama da ake kira CD20, wadda rinin nan na musamman ya nuna nawa na da ita. Tsadarsa ba a magana. Keke biyu suka tafi, da filin da na saya a hanyar Dakace, da 'yan kunnen maiɗakina, duk da haka ba kowane zagaye muka same shi ba.

Bayan zagaye na huɗu na roƙi wani matashin likita ya nuna mini abin da suka gani. Ya kai ni wajen likitar da ta karanta gilashin, wata baiwar Allah mai sanyin magana da ban taɓa gani ba, alhali ita ta fara sanin sunan ciwona. Ta nemo gilashin ta sa a madubi ta ce in leƙa. Shuɗi na gani, irin shuɗin baba na marina. Ƙwayoyi ne zagayayyu cike da fili, kowace da 'yan huji-huji farare a gefenta kamar leshi, ta ce ɗigon kitse ne. Ta ce ruwan mai tarin fuka ma cike yake da fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ido da hoton ƙirji ba sa raba su, amma nasa ƙanana ne da suka gama girma, gauraye da wasu iri. Nawa kuwa sun fi girma, kuma duk kamarsu ɗaya. Na ce, "Hajiya, anko suka yi ke nan." Ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce daga yau haka za ta riƙa faɗa wa ɗalibai. Ta nuna mini wasu da aka kama suna tsakiyar rabewa biyu, da tarkacen waɗanda suka mutu. Ta ce rinin Ki-67, mai nuna ƙwayar da ke shirin rabuwa, ya kama kusan dukkansu.

Ita ta ba ni tarihin sunan. Denis Burkitt likitan tiyata ne ɗan Ayilan da ya yi aiki a Uganda, a 1958 ya bayyana ciwon bayan ya yi ta ganin yara masu kumburin muƙamuƙi. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin ƙwayoyin wannan dajin, kuma an lura ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu. Asalin ɓarnar kuwa, ta ce, cikin kundin gadon ƙwayar take, wanda ke jere zare-zare, kowanne da lambarsa: wani yanki mai suna MYC, mai ba da umarnin rabuwa, ya kan tsinke daga zare na 8 ya manne a zare na 14, wajen da ba a kashe shi. Wannan na gane shi sarai. Hannun riga ne aka ɗinka a wuya.

Ta kuma gaya mini ba kullum ruwa ke faɗin gaskiya a karon farko ba. Wani lokaci sai an maimaita, wani lokaci dole sai an yanko tsoka, kuma ko an gani a ruwan ana son a tabbatar da sauran gwaje-gwaje. Na tambaye ta, da an kawo mata robar farko fa? Ta yi shiru kaɗan, ta ce mai yiwuwa da ta gani, mai yiwuwa kuma sai a ta biyu. Ba ta ƙara ba, ni ma ban matsa ba. Kusan mako uku ke tsakanin robar farko da kwalbar da ƙanwata ta ruga da ita, a ciwon da ke ninkuwa cikin kwana biyu. Tun daga lokacin, duk wanda na ji an ce za a cire wa ɗan'uwansa ruwa a ƙirji ko a ciki, sai na ce ya tsaya a wajen ya tambaya ko za a kai gwajin ƙwayoyi, kuma yaushe sakamako zai fito. Wasu na ɗauka shisshigi ne. Ina faɗa dai.

Yanzu ina komawa Shika lokaci-lokaci, a taɓa wuya da hammata da ciki, a ɗebi jini. Har yau ba a ga komai ba, alhamdu lillahi. Daren da zan koma ba na barci sosai, kuma duk zufar da na yi cikin dare sai na tashi na taɓa filo na tambayi maiɗakina ko ita ma zafi take ji. Na koma shago da keke ɗaya, bara na ƙara na biyu. Vincristine ya bar mini dindiris a kan yatsu, ba na jin bakin zare, don haka ƙaramin yaron shagon ke zura mini allura kowace safiya kafin in zauna. Inna ta koma yadda take, in na gaishe ta da kai take amsawa. Tef ɗin yana rataye a wuyana duk yini, ranar Juma'a in na rufe shago nakan auna kaina kafin in tafi masallaci. Makon jiya 33 ne, maiɗakina ta ce tuwo ne.